Ɓarawo Da Izinin Maigida: Gwajin Kutse Da Masana'antun Kaduna



Hausawa na cewa sai bango ya tsage ƙadangare kan sami wurin shiga. To, akwai wata sana'a a yau wadda aikinta ke nan, watau neman tsagar kafin ƙadangare ya gan ta. Kamfani ya kan ɗauko gwanayen kwamfuta ya biya su lada, ya ce su fasa na'urorinsa kamar yadda ɓarawo zai yi, sa'an nan su rubuto ta inda suka shiga. Wannan shi ake kira gwajin kutse. In kuwa an ɓoye wa masu gadin na'urorin cewa gwaji ne, don a ga ko za su farga, sai a kira maharan jar runduna, masu tsaro kuma shuɗiyar runduna, sunayen da aka aro daga atisayen soja.

Sana'ar ba sabuwa ba ce. A 1974 wasu hafsoshin sojan saman Amurka biyu, Karger da Schell, suka fitar da rahoton yadda suka kutsa cikin tsarin Multics, wanda a lokacin ake ganin babu kamarsa wajen tsaro. Abin da ya sake tun daga nan shi ne kayan aiki. A 1997 aka fito da Nmap, wadda ke bin ƙofofin kwamfuta tana ƙwanƙwasawa don ta ji wacce ke buɗe, kuma ƙofofin nan sun kai 65,535. A 2003 Metasploit ta biyo baya, wadda ta zama tamkar rumbun mabuɗan ƙarya. Mai gwaji ya kan rubuta ɗan jerin umarni, galibi da Python, ya ɗaure waɗannan kaya wuri guda, ya sake su su bi na'urori dubu alhali shi yana barci.

Sai dai fa ɓarawo ma da su yake aiki, don kyauta ake samunsu. Abin da ya raba su shi ne izini a rubuce. Dokar laifuffukan intanet ta Nijeriya ta 2015 ta mai da shiga na'urar wani ba izini laifi, kuma Babban Bankin Nijeriya, a ƙa'idojinsa na 2018, ya wajabta wa bankuna wannan gwaji. Ko takardar ma ba kullum take ceto ba. A 2019 an kama masu gwaji biyu cikin dare a wata kotu a Jihar Ayowa ta Amurka, da takardar hukumar shari'ar jiha a hannunsu, saboda ginin na ƙaramar hukuma ne, ita kuwa ba a tambaye ta ba. Sai a 2020 aka janye tuhumar.

Yanzu sai a dawo gida. Wanda ya haye gadar Kogin Kaduna ya yi kudu, ya bar unguwar ofisoshi ya shiga ta injuna. A Kakuri aka buɗe masaƙar Kaduna Textiles a 1957, wadda ta rufe a 2002. A nan aka kafa masana'antar makamai ta DICON a 1964, da ta harhaɗa motocin Peugeot a 1975. Can gaba ga matatar mai da aka buɗe a 1980, wadda ta daɗe ba ta tace komai. A 2020 kuma aka soma shimfiɗa bututun gas mai tsawon kilomita 614 daga Ajaokuta ta Kaduna zuwa Kano. Duk masana'antar da za ta tashi ko ta farfaɗo a wannan yanki, kwamfuta ce za ta riƙa buɗe mata famfo da auna zafi, kuma lalle za a buƙaci a gwada ta.

A nan ne gizo ke saƙar. Kwamfutar ofis in ta ji ƙwanƙwasar da ba ta gane ba, sai ta yi biris. Ƙananan na'urorin da ke juya injuna kuwa, da yawansu tsofaffi ne, an ƙera su ne don su ji magana daga ubangida ɗaya, in aka yi musu caa da tambayoyi sai su sandare. Jerin umarni ba shi da hankalin da zai bambanta su. Duk ƙofar da ya tarar, bugawa zai yi. Wani rahoton cibiyar binciken Sandia ta Amurka na 2005 ya kawo labarin wani kamfanin gas da ya ɗauko masu gwaji don na'urorin ofis, suka zarce cikin sashen da ke sarrafa bututu, gas ya tsaya cik har awa huɗu. Ba maƙiyi ya yi wannan ba, waɗanda aka biya ne.

Saboda haka takardar izinin masana'anta dole ta fi ta banki tsauri. Ta ambaci na'urorin da za a taɓa ɗaya bayan ɗaya, da waɗanda aka haramta, da sa'o'in aiki, da sunan wanda za a kira in abu ya ɓaci. A sashen injuna, a fara da saurare kawai, watau a duba saƙonnin da ke wucewa ba tare da aika komai ba. Abin da ke buƙatar bugu kuwa a gwada shi a kan na'ura irinta da aka keɓe a ɗaki, ko a jira lokacin da aka kashe injuna don gyara. Kuma injiniyan da ya shekara ashirin yana jin kukan injin nan ya zauna kusa da mai gwaji, da ikon ce masa ya tsaya.