In mutum ɗaya ya tafi, me ke saura a ƙungiya?



An ce in yi magana a kan yadda ƙungiyoyi ke samar da ilimi, su raba shi tsakanin mambobinsu, su kuma adana shi. Na san wasu za su ce wannan zancen ƴan jami'a ne. To ku bari in fara da abin da ya same mu.

A wata ƙaramar ƙungiyar unguwa da na taɓa zama mamba, muna da sakatare, yaro mai ƙwazo ƙwarai. Shi ya san biron da ake kai takardar neman izini, da lokacin da ake samun mai sa hannu. Shi ya san dattijon da ake fara gaidawa kafin a tara jama'a, da mai amalanken da ke yi mana rangwame. Sai ya samu aiki a Agadas ya tafi, a tasha kuma aka sace salularsa. Da muka tashi shirya aikin gayya na yashe magudanan ruwa, muka buɗe kayen ƙungiya. Wallahi ba abin da ke ciki sai sunayen mahalarta taro da lissafin karo-karo. Muna ta kai da kawowa har damina ta faɗi, ruwa ya shiga gidajen mutane. Ranar na gane cewa duk abin da muke alfahari ƙungiyarmu ta sani, mutum ɗaya ne ya san shi.

Wannan ciwon ba namu ba ne mu kaɗai. Manyan kamfanonin duniya sun yi fama da shi, har ya zama fannin nazari mai zaman kansa. A 1966 wani masani mai suna Michael Polanyi ya yi bayanin cewa akwai ilimin da mutum ke da shi amma baki ba ya iya faɗinsa duka. Ku tambayi ɗan kabu-kabu yadda yake ratsa yashi ba ya faɗuwa, ko ku tambayi inna gishiri nawa take sa wa miya. Sun iya, amma bayanin zai yi musu wuya. Ke nan ilimi iri biyu ne: akwai na takarda, akwai na ka da hannu.

A 1995 wasu malamai biyu ƴan Japan, Ikujiro Nonaka da Hirotaka Takeuchi, suka fitar da littafi a kan yadda kamfani ke ƙirƙirar ilimi. A ciki akwai labarin kamfanin Matsushita, wanda yau ake kira Panasonic. A 1985 injiniyoyinsa na ƙoƙarin ƙera injin yin burodi a gida, amma kwaɓin ya ƙi daidaita. Sai wata ma'aikaciya, Ikuko Tanaka, ta je ta zama almajirar babban mai burodi na wani otel a birnin Osaka. Da ta daɗe tana kallo tana gwadawa, ta lura cewa ba jan kwaɓin kawai yake yi ba, murɗa shi yake yi. Shi kansa bai taɓa faɗi ba, don a wurinsa ba abin faɗi ba ne. Ta koma ta bayyana wa injiniyoyi, suka gyara injin, ya shiga kasuwa a 1987. Ku lura da matakan: an zauna kusa da gwani, an mayar da abin da aka gani magana, an haɗa shi da ilimin wasu, sannan ya zama aikin kowa.

Misali na biyu daga Amurka. Wani mai bincike, Julian Orr, ya bi masu gyaran injin fotokofi na kamfanin Xerox. Kamfanin ya ba su manyan littattafan gyara, amma Orr ya gano cewa in inji ya gagara, abin da ke ceton su shi ne labaran da suke ba juna wurin karin kumallo: ni ma na taɓa gamuwa da irin wannan, ga yadda na yi. Daga baya kamfanin ya kafa rumbun da ake kira Eureka, inda kowane mai gyara ke saka dabararsa da sunansa a jiki. Sunan nan ya zame musu lada. To mu da ke da fada a kowace unguwa, shayi ɗaya, biyu, uku, ai wurin ba da labari ba mu rasa ba. Abin da muka rasa shi ne mai ɗaukar alƙalami.

Kada kuma mu ɗauka sai an ƙetare teku. Nan jihar Maradi, a 1983, Tony Rinaudo ɗan Ostareliya ya lura cewa ƙananan tsirran da ake sassabewa a gonaki tohon kututturan itatuwa ne masu rai. In aka bar ƴan rassa masu ƙarfi aka datse sauran, itace ya dawo. Shi ne sassabin zamani. Manoma da dama sun san hakan tun da, amma ilimin na warwatse. Yaya ya bazu? Manomi ya ga gonar maƙwabcinsa, ya ga gawo ya tashi, ya ga itacen girki da abincin dabbobi, shi ma ya gwada. Binciken da aka yi daga baya da hotunan tauraron ɗan Adam ya kiyasta kimanin hekta miliyan 5 da suka farfaɗo a kudancin ƙasar nan. Ilimi na tafiya ne in mutum ya gani da idonsa, kuma ya tabbata amfanin zai dawo gare shi.

Yanzu in faɗi mai ɗaci. Ba kullum ne sakaci ke kashe ilimin ƙungiya ba. Wani lokaci ɓoye shi ake yi da gangan. Shugaba ya riƙe lambar masu ba da tallafi shi kaɗai. An tura mutum horo Yamai, ya ci kuɗin zama, ya dawo da takardar shaida, bai tara kowa ya ce ga abin da na koyo ba. Yana ganin in wasu suka sani, kujerarsa ta girgiza. Amma tafiya, aure, ciwo, mutuwa, ba wanda ke ba da sanarwa. Kuma da wane baki za mu nemi hukumomi su yi aiki a bayyane, in mu a cikin gida komai na aljihun mutum ɗaya?

Ga abubuwa huɗu da nake roƙo mu gwada, ba wanda ke buƙatar kuɗi.

Na ɗaya, kowane muƙami ya samu almajiri. Sakatare kada ya je biro shi kaɗai, ma'ajiya kada ta yi lissafi ita kaɗai. Ilimin ka da hannu ta zama kusa ake ɗaukarsa.

Na biyu, bayan kowane aiki a zauna minti 20 a amsa tambayoyi huɗu: me muka shirya yi, me ya faru, me ya kawo bambancin, me za mu sake nan gaba? Sojojin Amurka ne suka shahara da wannan tsari, kuma sharaɗinsa shi ne ba laifin wani ake nema ba. In aka fara nuna yatsa, kowa zai yi shiru.

Na uku, a rubuta, da Hausa ko da Faransanci, da boko ko da ajami. Wanda rubutu ke ba wuya ya yi saƙon murya, wani ya kwafe. Amma WhatsApp ba rumbu ba ne, abin da aka tura yau gobe ya nutse ƙarƙashin gaisuwar Juma'a. A samu kaye ɗaya da wurin ajiya ɗaya a intanet, mabuɗinsa a hannun mutum uku amintattu. Bayanan sirrin mambobi kuma a killace su, ba komai ake watsawa ba.

Na huɗu, duk wanda ya kawo dabara a ambaci sunansa, ko ƙaramin yaro ne.

Kafin ku kwanta yau, kowa ya tambayi kansa: wane abu ne ni kaɗai na sani a ƙungiyarmu? In ka samo shi, ka zaɓi mutum ɗaya ka koya masa cikin makon nan. Ni ma akwai nawa, kuma ƙanwata da ke zaune can baya ta riga ta ce gobe da la'asar za ta zo da kayenta.