Abin Da Ɗan Naman Gwaji Yake Faɗa A Kan Sankarar Mama



Sau da yawa, idan likita ya ce zai ɗebi ɗan nama daga ƙullutun da ke nonon mace domin gwaji, sai dangi su ƙi, wai taɓa shi ne ke sa ya bazu. Sai a koma gida, wata ya bi wata. Mun tsaya a bakin kaburburan da wannan tsoro ya haƙa. Yau muna so mu faɗi abin da ake gani a ɗan naman.

Ba ƙwayoyin sankara kaɗai ke cikin ƙullutun ba. Akwai fararen ƙwayoyin jini da ake kira limfosait, dakarun garkuwar jiki, waɗanda suka kutsa ciki suna yaƙi. Likita yana iya kimanta yawansu da madubin duba ƙananan abubuwa.

A shekarar 2018, Carsten Denkert da abokan aikinsa a Jamus suka buga sakamakon bincike a kan mata 3,771 da aka ba maganin sankara kafin tiyata. Akwai wani nau'i mai tsanani wanda ba ya jin maganin homon ko maganin HER2, kuma ana yawan samunsa a matan Afirka ta Yamma. A wannan nau'i, inda limfosait suka yi yawa, sankarar ta ɓace daga naman da aka cire a rabin matan. Inda suka yi kaɗan, kashi 31 cikin ɗari ne kawai. Masu dakaru da yawa sun kuma fi daɗewa a raye. Amma a nau'in da ke jin maganin homon, yawansu bai zama albishir ba. Saboda haka sai an san nau'in kafin a zaɓi magani, kuma ɗan naman ne ke nuna shi.

Kada wani ya ce tunda jiki yana yaƙi, asibiti ba dole ba ne. Matan nan duka sun karɓi magani.

Iyayenmu mata, in kun ji ƙullutu, kada ku ɓoye. Mazaje, ku amince a yi gwajin, ku raka su. Dattawa, mu taimaka da kuɗin mota da na gwaji.

Ubangiji ya ba mu hikima. Amin.