Daga Tsakar Gida Zuwa Kotun Ƙoli: Yadda Shari'ar Kisan Ma'aurata Ke Tafiya

Laccar da aka gabatar a zaman shugabannin al'umma, malamai da ƙungiyoyin mata na Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa

 



An ɗora mini magana a kan abin da ba mu cika son ambata ba: ranar da miji ya kashe matarsa, ko mata ta kashe mijinta, me ke biyo baya? A wannan yanki namu, tun kafin a kwashe ɗaliban sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara a Disambar 2020, idan aka ce kisa, daji hankalin kowa ke tafiya. Kisan cikin ɗaki kuwa sai a yi ƙasa da murya, a ce tsautsayi ne, a rufa asiri. Abin da nake so mu tashi da shi yau ɗaya ne. Alƙalin da ke zaune a Funtuwa ko Katsina ba ya wurin lokacin da abin ya faru. Abin da muka bar masa a ranar farko, da abin da muka yarda muka faɗa a gabansa bayan shekaru, da su kaɗai yake yanke hukunci.

Ranar farko

Duk mun san yadda safiyar take. An ji kururuwa da dare, gari ya waye gida ya cika. Wata dattijuwa ta ɗebo toka ta zuba a kan jinin, wata ta share, an naɗe tabarma an kai bayan gida an ƙona, taɓaryar da aka samu a ƙofar ɗaki an wanke ta an jingina a gindin turmi. Maza na waje suna yankan likkafani, ana so a yi sutura kafin azahar. Babu mai mugun nufi a cikinsu. Amma kafin ɗan sanda ya iso, rabin shari'ar ya bi bola.

Addini ya ce a gaggauta jana'iza, wannan gaskiya ne. Sai dai ran da aka salwantar yana da haƙƙi, kuma sa'o'in da za a jira likitan babban asibiti ya duba rauni ya rubuta takarda, a ɗauki hoto, ba su hana sutura. Wannan takarda ce za ta gaya wa kotu ko sara ne, ko shaƙa, ko guba.

Ku dubi shari'ar Maryam Sanda a Abuja, wadda aka tuhuma da kashe mijinta Bilyaminu Bello a Nuwamban 2017. Lauyoyinta sun tsaya a kan cewa ba a yi binciken gawa ba, kuma ba a kawo wuƙa a gaban kotu ba. Ita kuma ta ce a kan fasasshen tulun shisha ya faɗi. Mutum uku da aka tuhuma da goge shaida a gidan, kotu ta sallame su a 2019. Abin da ya riƙe shari'ar shi ne bakin shaidu, musamman abokin marigayin da ya yi sa'o'i a gidan a ranar, da ƙa'idar nan da ta ce wanda aka gani ƙarshe tare da mamaci, shi zai yi bayanin yadda aka yi. A ranar 27 ga Janairun 2020 Mai Shari'a Yusuf Halilu ya yanke mata hukuncin rataya. Da abokin nan ya ce ba ya son shiga maganar iyali, da wuya a san inda za a ƙare.

Daga caji ofis zuwa babbar kotu

Sashe na 35 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ce wanda aka kama a kai shi kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu kuwa cikin kwana biyu, sai dai wannan wa'adi bai shafi laifin da hukuncinsa kisa ne ba. Maganar kisa ba ta ƙarewa a caji ofis na ƙaramar hukuma. Sashen binciken manyan laifuka na rundunar jiha ake miƙa wa. Kotun majistare kuma ba ta da hurumin shari'ar kisa. Iyakarta ta ba da umarnin tsarewa, sai a aika fayil ma'aikatar shari'a, lauyoyin gwamnati su duba ko akwai hujjar da za ta tsaya.

A nan ne shari'u ke kwana. Dokar tafiyar da shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015, wadda Jihar Katsina ma ta yi tata irinta, ta sa wa tsarewar farko wa'adin kwana 14, wanda alƙali ke iya sabuntawa idan an kawo dalili. A aikace kuwa, fayil ɗin da ba mai bin sawunsa yakan yi shekaru a durowa, mai shi yana gidan gyaran hali yana jiran shari'a, dangin mamaci kuma suna gida suna cewa an ci kuɗi. Sau da yawa ba wanda ya ci komai. Ba wanda ya je ya tambaya ne.

Wani abin lura shi ne bayanin da ake rubutawa a ofishin 'yan sanda. Matar da ba ta karanta boko ba ta yi magana da Hausa, an rubuta da Turanci, ta dangwala yatsa. Dokar shaida ta 2011 ta ce iƙirarin da aka samu ta hanyar azaba ba ya karɓuwa. Idan lauya ya ce tilasta ta aka yi, sai a dakatar da komai a yi wata 'yar shari'a a kan takardar kaɗai. Shi ya sa dokar 2015 ta tanadi a ɗauki bayani a gaban lauya, a naɗa a bidiyo. Wanda ba shi da halin ɗaukar lauya, akwai hukumar ba da agajin lauyoyi ta tarayya da aka kafa tun 1976.

A gaban alƙali

Rajistara ya karanta tuhuma, tafinta ya fassara, aka tambayi wanda ake tuhuma. A shari'ar da hukuncinta kisa ne, ko ya ce ya aikata, kotu za ta rubuta bai amsa laifi ba, ta ce mai gabatar da ƙara ya kawo hujja. Abu uku zai tabbatar ba tare da kokwanto ba: mutum ya mutu, aikin wanda ake tuhuma ne ya kashe shi, kuma ya yi da niyya ko da sanin cewa mutuwa ce za ta biyo baya.

Sai a kira maƙwabci. Lauyan kariya ya miƙe: "Malam, ka ce ka gan shi da taɓarya. Da fitila ka gani ko da farin wata? Akwai danga tsakaninku ko babu? Ga abin da ka gaya wa 'yan sanda shekara uku da suka wuce, me ya sa yau ya bambanta?" Mutum ya ji kamar shi ake tuhuma, ga kuɗin mota, ga tsoron hanya, ga an ɗage zama. Ran da aka sake kira bai zo ba. Idan shaidu suka watse, lauya zai ce babu tuhumar da za a amsa, kotu ta sallama, mu kuma mu ce shari'a saɓanin hankali.

Doka ta bambanta kisa da kisa. Tsohon kundin hukunta laifuka na Arewa, a sashe na 221, ya tanadi kisa ga mai ganganci. Sashe na 222 kuma ya sassauta idan an tunzura mutum tunzurawa mai tsanani nan take, ko faɗa ya kaure ba shiri, ko ya wuce gona da iri wajen kare kansa. A rikicin aure wannan bambanci shi ne tsakanin igiya da ɗauri. Wa zai tabbatar an sha dukan matar nan? Mai unguwar da aka kai wa ƙara sau da dama, da ma'aikaciyar asibitin da ta ɗinke mata goshi, idan sun rubuta.

Shekarun wanda ake tuhuma

Misalin nan daga jiharmu yake. Maimuna Abdulmumini tana da shekara 13 aka kama ta a 2006, bisa zargin ƙona mijinta. A Disambar 2012 Babbar Kotun Jihar Katsina ta yanke mata hukuncin kisa, ta shiga gidan yari da goyo. Lauyoyin wata ƙungiyar agaji ta Faransa suka kai maganar kotun ECOWAS, wadda a Yunin 2014 ta ce yanke wa wanda ya yi laifi yana yaro hukuncin kisa tauye haƙƙi ne, ta ba da diyyar naira miliyan 5. A 2015 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Kaduna ta soke hukuncin kisan, a 2016 aka sake ta. Shekara 10 ke nan. Doka shekarun ranar laifi take dubawa, ba na ranar hukunci ba. Takardar haihuwa ɗaya tana iya raba yarinya da igiya. Iyayen da ke aurar da 'ya kafin hankalinta ya zauna, kuma ba tare da son ranta ba, su ma su yi tunani a kan wannan shari'a.

Yafiya a hannun wa take?

A shari'ar Musulunci, wadda Katsina ta faɗaɗa zuwa laifuka a 2000, waliyyan jini ke da zaɓi: ƙisasi, ko diyya, ko afuwa. A mazhabarmu ta Malikiyya, ko an yafe wa mai ganganci, akwai bulala 100 da ɗaurin shekara ɗaya, kuma ba ya cin gadon wanda ya kashe. A babbar kotun jiha kuwa gwamnati ce mai ƙara. Ko dangi sun ce sun bar wa Allah, shari'a ba ta tsaya ba. Antoni Janar ne kaɗai sashe na 211 ya ba ikon janye ta, kamar yadda na Kano ya yi a 2015 a shari'ar Wasila Tasi'u, wata yarinya da aka tuhuma da kashe mijinta.

Bayan hukunci akwai kwana 90 na ɗaukaka ƙara, sai kwana 30 na zuwa Kotun Ƙoli. Afuwar gwamna tana sashe na 212, ta shugaban ƙasa tana na 175. Maryam Sanda ta faɗi a Kotun Ɗaukaka Ƙara a Disambar 2020. A Oktoban 2025 sunanta ya fito cikin waɗanda Shugaba Tinubu ya yi wa afuwa, jama'a suka yi ca, aka mayar da ita ɗaurin shekara 12. A Disambar shekarar Kotun Ƙoli ta tabbatar da hukuncin kisan, alƙalai huɗu suka rinjayi ɗaya. Shekara takwas, a birnin tarayya, ga manyan lauyoyi. To ina ga talakan ƙauye?

Abin da ya rage gare mu

Ranku ya daɗe, ina roƙon kowane dagaci da mai unguwa ya ajiye littafi, duk ƙarar duka da aka kawo masa ya rubuta rana da abin da ya gani. Malamai su faɗa a mumbari cewa jiran likita ba wulaƙanta gawa ba ne, ɓoye shaida kuma zunubi ne. Iyaye mata, ɗakin da aka yi ɓarna a rufe shi, kada a share har hukuma ta zo. Dangin ɓangarorin biyu kowa ya wakilta mutum ɗaya mai riƙe lambar fayil da ranakun zama. Ƙungiyoyinmu kuma su tara wa shaidu kuɗin mota.

Sannan macen da ta yi yaji ta dawo gida da kumburarren ido, kafin a ce ta yi haƙuri ta koma, a zaunar da ita a tambaye ta abin da ya faru, a kira mijin a ji ta bakinsa. Wannan zaman ya fi duk kotunan da na lissafa sauƙi.

Allah Ya zaunar da gidajenmu lafiya, Ya kawo mana ƙarshen fitinar da ke yankinmu.