Wayarka Shaida Ce, Kada Ka Goge

Dattawanmu, iyayenmu mata da 'yan'uwa mazauna Karmo.

Da yawanmu mun ga rusau na shekarun 2003 zuwa 2007. Wasu gida ya tafi, rasit da takardun ciniki suka bi shi ƙarƙashin ƙasa. Ba su da abin nuna wa alƙali.

Yanzu an sami sauƙi. Sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya yarda kotu ta karɓi abin da ya fito daga kwamfuta ko waya: hoto, bidiyo, saƙon tes, alat na banki. Amma da sharaɗi. Sai an kawo takardar tabbaci, ko wani ya tsaya gaban kotu ya bayyana cewa na'urar lafiya take aiki. A 2012, a shari'ar Kubor da Dickson kan zaɓen gwamnan Bayelsa, Kotun Ƙoli ta yi watsi da takardun da aka buga daga intanet saboda ba a cika wannan sharaɗi ba.

Saboda haka, in an shafa wa gidanka jan fenti, ɗauki hoto a ranar. Kada ka goge, kada ka sayar da wayar. Hoton da aka tura ta WhatsApp yakan rasa kwanan watan da ke ɓoye cikinsa. Lauyoyi suna da manhajar da ke karanta shi, amma daga hoton asali.

Wanda bai iya ba ya same ni bayan ajin yaƙi da jahilci. Allah ya tsare mana muhallinmu.