Ma'aunin Shiga Tsangayar Haɗa Magunguna: Lacca a Gadau



Kowace shekara masu neman gurbin karatun haɗa magunguna a wannan jami'a ta Gadau, wadda yanzu ke ɗauke da sunan Sa'adu Zungur, sukan ninka guraben da ake da su. Hukumar Kula da Harkar Haɗa Magunguna ta Najeriya ce ke ƙayyade yawan ɗaliban da kowace tsangaya za ta ɗauka, gwargwadon malamanta da ɗakunan gwajinta. Don haka aikin kwamitin tantancewa aikin rabon abu kaɗan ne tsakanin mutane da yawa, kuma matsayina a yau shi ne: dole ma'aunin rabon ya zama a bayyane, kuma ya kasance da iyakar da ba a sauka ƙasa da ita saboda kowa.

Kwamiti na fara duba makin jarrabawar JAMB, wadda ake yi a kan maki 400, a darussan Turanci, Fiziks, Kimistiri da Bayoloji. Sannan ya duba sakamakon WAEC ko NECO, inda ake neman kiredit biyar har da Lissafi. Jami'o'i da dama suna raba makin JAMB gida takwas ya koma bisa hamsin, su cike sauran hamsin da jarrabawar tantancewa ko darajar kiredit ɗin ɗalibi. Tun shekarar 2017 kuma, duk sunan da aka zaɓa sai ya bi ta manhajar CAPS ta JAMB kafin ya tabbata. Wannan tsari ya rage shigar da suna ta bayan gida, amma bai wadatar ba matuƙar ɗalibi bai san yadda aka haɗa makinsa ba. Wanda aka nuna masa lissafin da ya kayar da shi zai koma ya ƙara himma; wanda aka ɓoye masa kuwa, zargi zai tafi da shi gida.

Wani zai ce: yaron Itas, Gamawa ko Zaki da bai taɓa riƙe kwalbar gwaji a sakandarensa ba, ta yaya zai yi gogayya da ɗan makarantar kuɗi ta birni? Wannan ƙorafi gaskiya ne. Shi ya sa jami'o'in tarayya ke ware kashi 45 cikin ɗari ga cancanta, 35 ga yankin da jami'a take, 20 ga jihohin da aka bari baya a ilimi, kuma jami'ar jiha na da haƙƙin tuna ƙananan hukumomi 20 na Bauchi. Amma ya kamata rabon yanki ya fara aiki ne a kan waɗanda suka haye iyakar cancanta. Wanda zai auna maganin jariri a asibitin Azare, kuskurensa na lissafi rai yake ci, kuma cuta ba ta tambayar garin mai magani. Taimakon ɗan ƙauye yana cikin karatun share fage da gyara ɗakunan gwaji na sakandare.

Ina kira ga kwamitocinmu su wallafa ma'auninsu kafin a buɗe neman gurbi, iyaye kuma su daina kai takardar alfarma. Allah ya yi mana jagora.