Ciniki Babu Dillali: Yadda Za Mu Yi Da Ƙorafin Baƙin Da Ba Mu Jin Yaren Juna A Gwanjon Intanet

Jawabin da aka gabatar a taron ƙungiya a Maitama, Abuja

 

Muna godiya ga shugabannin ƙungiya da suka ba mu wannan dama. Maganar da aka ɗora mana ita ce ta rashin fahimta da mummunar shaida da ke fitowa daga baƙin da ke sayen kayanmu a gwanjon intanet. Wani zai ce ai wannan maganar yara ce masu latse-latsen waya. To, ba haka ba ne. Magana ce ta suna, kuma sunan ɗan kasuwa shi ne jarinsa.

Yadda muka tsinci kanmu a nan

Kowa ya san abin da ya kawo da yawa daga cikinmu Maitama. An buɗe otal ɗin Nicon Noga Hilton, wanda yanzu ake kira Transcorp Hilton, a 1987. Gwamnatin tarayya ta taso daga Legas a watan Disamba na 1991, ofisoshin jakadanci kuma suka biyo baya. Inda baƙo yake, nan ɗan koli yake. Muka zo da jakunkunan fata, da tumtum, da rinannun zannuwa, da faifai, da kayan azurfar Buzaye, muna ciniki ido da ido. In yare ya ƙare sai a yi da hannu, a yi dariya, a sallama.

Daga baya gobara ta tashi a kasuwar kayan gargajiya da ke kusa da otal ɗin Sheraton a Disamba 2017, sannan annobar korona ta 2020 ta tsayar da zirga-zirgar baƙi. Wannan ya ƙara tura matasanmu ga shafukan gwanjo irin su eBay, wasu da kansu, wasu ta hannun 'yan'uwa da ke Ingila ko Amurka. Kasuwa ta faɗaɗa, amma mun shige ta ba tare da wani babban jigo na cinikin iyayenmu ba.

Wannan jigo kuwa shi ne dillali da mai masauki. Fataken goro da suka yi ta zuwa Salaga ta ƙasar Gwanja ba su jin duk yarukan hanya. Haka masu shanu a Sabo ta Ibadan, waɗanda wani masani mai suna Abner Cohen ya rubuta littafi a kansu a 1969. Mai gida ne ke saukar da baƙo, ya nemo mai saye, ya tsaya a tsakani, in an sami saɓani ya sasanta. Shi ne tafinta, shi ne kuma shaida. A gwanjon intanet babu shi. Abin da ya maye gurbinsa shi ne shafin shaida: bayan kowane ciniki mai saye yana rubuta ko ya ji daɗi, ko tsaka-tsaki, ko bai ji daɗi ba, kowa kuma yana iya karantawa. An kafa eBay a 1995, aka fara wannan tsari na shaida a 1996. Tun 2008 kuma aka hana mai sayarwa rubuta mummunar shaida a kan mai saye. Wato in an zage ka, babu ramuwar gayya. Don haka dole mu zama dillalan kanmu.

Inda rigima take ɓullowa

Jama'a, yawancin ƙorafin nan ba ƙiyayya ba ce. Abu ne da mu muka ɗauka kowa ya sani, shi kuwa baƙon bai taɓa ji ba.

Ku ɗauki shuni. A wurinmu, turkuɗin Kura da ya sha shuni ya sha bugu, in ya zuba a jiki alama ce ta nagarta. Buzaye ma don haka suke son sa. Amma matar da ke Jamus, in ta yafa gyale ta ga wuyanta da farar rigarta sun yi shuɗi, cewa za ta yi an sayar mata da jabu. Ba wanda ya gaya mata yadda rinin baba yake a karofin Ƙofar Mata, balle ya ce ta wanke shi daban da ruwan sanyi.

Ku ɗauki fata. Jimar bagaruwa tana da ƙamshinta, mu mun saba. Wannan fatar ta jar akuyar Sakkwato da Maraɗi ita ce ayari ke ƙetare Sahara da ita har Turawa suka riƙa kiran ta fatar Maroko. Duk da haka, wanda ya buɗe kwalin da ya yi makonni a rufe zai iya cewa kayan sun ruɓe. Haka tumtum: a hoto an cusa shi ya yi ɓul-ɓul, a kwali kuma ya iso a ninke babu komai a ciki, domin haka ake aika shi. In ba a rubuta ba, sai mai saye ya ce an ba shi rabin kaya.

Sai maganar fassara. Google Translate ya shigar da Hausa a Disamba 2013, kuma yana taimako, ba mu musa ba. Amma na'ura ba ta san kasuwa ba. Mu in mun ce riga kore, muna nufin baƙar riga mai sheƙin shuni. Na'ura kuwa launin ganye za ta kai wa baƙo. Muna kiran fatar da ta yi ƙasa-ƙasa ja. Muna cewa azurfa ga duk abin da ya yi fari yana ƙyalli, alhali Bature in ya ji azurfa, yana jiran ya ga lamba 925 ne a jiki.

Lambobi ma ba su tsira ba. Bajamushe da Bafaranshe waƙafi suke sawa inda mu muke sa ɗigo, don haka 1,500 a idonsu ɗaya da rabi ne. In ka rubuta 03/04, mutumin Faransa zai karanta 3 ga Afrilu, na Amurka ya karanta 4 ga Maris. Lambar takalmi ta Ingila daban, ta Amurka daban, ta sauran Turai daban. Kamu da taƙi kuwa sai a Kurmi.

Daɗin daɗawa ga kwastan. Tun 1 ga Yuli 2021 ƙasashen Tarayyar Turai suka soke sassaucin harajin da suke yi wa ƙananan kayan da ba su wuce Yuro 22 ba. Amurka ma a watan Agusta na 2025 ta dakatar da nata sassaucin na kayan da ba su wuce Dala 800 ba. Mai saye ya biya kuɗin kaya da na aikawa, sai ga ma'aikacin gidan waya yana neman ƙari a bakin ƙofa. Haushin wa zai ji? Namu.

Rigakafi

Maganin yawancin wannan yana cikin bayanin kaya tun kafin a buɗe tayi. Malamanmu na nan, sun fi mu sanin cewa bayyana aibin haja wajibi ne a kan mai sayarwa. To mu ƙara da wannan: har abin da ba aibi ba ne a wurinmu, in dai zai ba baƙo mamaki, a faɗe shi. A rubuta cewa shuni yana zuba. A rubuta cewa fatar tana da ƙamshin jima, zai ragu in ta sha iska. A ɗauki hoton tumtum a cushe da kuma a ninke. A ɗora tef ɗin awo a kan kaya a ɗauki hoto, a ba da awo da santimita da inci duka. Inci ɗaya santimita 2.54 ne. A rubuta sunan wata da haruffa. A faɗa tun farko cewa harajin kwastan na ƙasar mai saye yana wuyansa. Kada a aika kaya sai da lambar bin sawu.

Jimla kuma ta zama gajera, magana ɗaya a jimla ɗaya. Karin magana da habaici da barkwanci a ajiye su sai an zo majalisa. In na'ura ta fassara, a sake mayar da fassarar zuwa Hausa a gani ko maganar tana nan yadda aka faɗe ta. Mu a Maitama ma Allah Ya hutar da mu: cikinmu akwai 'yan'uwa daga Maraɗi da Damagaram da suka yi karatu da Faransanci, akwai direbobi da masu dafa abinci da suka shekara suna aiki da Jamusawa da Larabawa. Tafintocinmu suna zaune tare da mu a sahu ɗaya, ba mu dai tambaye su ba ne.

Wani abu kuma: a gwanjo babu albarka. A Kurmi in an taya maka da arha sai ka ce albarka, mai saye ya ƙara ko ya wuce. A gwanjo kuwa in lokaci ya cika, wanda ya fi tayi shi ne mai kaya, ko da tayin bai yi maka daɗi ba. Wanda ya fasa sayarwa a wannan gaɓa ya saya wa kansa mummunar shaida da hannunsa. In kana da farashin da ba za ka sauka ƙasa da shi ba, to daga nan za ka buɗe tayi.

Akwai kuma kayan da tun asali bai kamata su hau gwanjo ba. eBay ya haramta hauren giwa tun Janairu 2009. Fatar kada da ta mesa suna ƙarƙashin yarjejeniyar CITES ta 1973, kuma kwastan na ƙwace su in babu takardar izini. Kayan tarihi, irin su gumakan Nok, Doka ta 77 ta 1979 ta hana fitar da su sai da izinin hukumar gidajen tarihi ta ƙasa. Sabon sassaƙa kuma da aka shafa wa toka da hayaƙi, a kira shi sabo. In mai saye ya ce a rubuta wa kwastan cewa kyauta ce, ko a rage farashi a takarda, a ba shi haƙuri a ƙi.

In ƙorafi ya riga ya zo

Na farko, kada a ba da amsa da zafin rai. A sha ruwa, a yi salla, a dawo. Amma kada a wuce kwana ɗaya, domin shiru a wurin baƙo alamar an gudu da kuɗinsa ne. A tsarin eBay, in mai saye ya nemi mayar da kaya, kwana uku na aiki aka ba mai sayarwa ya amsa kafin a iya kiran kamfanin ya shiga tsakani.

Na biyu, a tabbatar an gane abin da yake faɗa. Saƙon da na'ura ta fassara yakan fito a tsaye babu gaisuwa, sai mu ji kamar zagi ne, alhali mutanen wasu ƙasashe haka suke rubutu ko da ba su yi fushi ba. A roƙe shi ya turo hoto. A amsa masa da yarensa, a haɗa da Ingilishi a ƙasa.

Na uku, kada a fara da kare kai. Amsa irin wannan ta wadatar: "Mun gode da saƙonka. Mun ga hoton. Wannan rinin na ganyen baba ne, yana zuba a wankin farko. In kana son riƙe zanen, ga yadda ake wanke shi. In ba ka so, ka mayar, mu mayar maka da kuɗinka." Ba rantsuwa, ba labarin tsadar mai, ba kiran sunan iyaye.

Na huɗu, mu daina ɗaukar mayar da kaya a matsayin cin fuska. A Tarayyar Turai doka ta ba wanda ya sayi kaya ta intanet daga ɗan kasuwa kwana 14 ya fasa, ko da babu dalili. Da haka suka saba. Mu ma a fiƙihu muna da iƙala, wato ka karɓi kayanka daga wanda ya yi nadamar saye, kuma abu ne mai lada. In kuɗin dawo da kayan ya fi kayan, a yi ragi, ko a bar masa. Gyara ce, irin wadda ake yi wa mai sayen hatsi.

Na biyar, duk maganar a yi ta cikin shafin gwanjon. In aka koma WhatsApp, ranar shari'a babu hujja. In kuwa mai saye ya ce sai an ba shi abin da ba ya cikin ciniki ko ya ɓata maka suna, wannan ya saɓa wa dokar kamfanin, sai a kai ƙara da rubutunsa. Haƙuri daban, wauta daban.

In an sasanta, ana iya roƙon sa ta hanyar da kamfanin ya tanada ya gyara shaidarsa, cikin kwana 30 da rubuta ta. In ya ƙi, ana iya rubuta amsa a ƙarƙashin shaidar. A nan ne da yawa ke faɗuwa. Wannan amsar fa ba don shi ake rubuta ta ba, shi ya riga ya tafi. Don masu zuwa ne, waɗanda za su karanta kafin su taya. Layi biyu sun isa: abin da ya faru, da abin da aka yi don gyarawa.

Kammalawa

Iyayenmu, 'yan'uwa, ba mu shiga wannan kasuwa da farar takarda ba. Lamba 419, wadda sashe ce kawai a dokar laifuffuka ta Nijeriya, ta riga mu isa kowace ƙasa. Baƙon da ya ga kaya daga Abuja yana taya su ne da rabin zuciya. In ɗayanmu ya zage shi, ba zai riƙe sunan mutum ɗaya ba, ƙasa zai riƙe. Wake ɗaya ke ɓata gari. Asarar kuma ba a Maitama za ta tsaya ba, sai ta kai ga majemi da baduku da marini da ke can gida suna jiran mu aiko da saƙon kaya.

Saboda haka muna ba ƙungiya shawara uku. A rubuta sunayen masu jin Faransanci da Larabci da Jamusanci a cikinmu, a yanka musu la'ada kamar yadda ake yi wa dillali. A tsara bayanin kayan da muka fi sayarwa a waɗannan yaruka, wanda ya san yaren ya duba, kowa ya riƙa amfani da shi. Sannan a naɗa dattawa biyu ko uku da matashi zai nuna wa amsarsa kafin ya aika, in rigima ta yi zafi.

Allah Ya sa albarka a kasuwancinmu, Ya tsare mana mutuncinmu a gida da waje.