MARASA MAKWANCI A TASAWA DA MAYAHI: WA KE DA ALHAKIN SU?



Duk wanda ya ratsa tashar mota ta Tasawa bayan sallar lisha, ko ya zagaya rumfunan kasuwar Mayahi bayan an watse, ya ga mutanen da wannan jawabi yake magana a kansu: almajirin da ya shimfiɗa kwali, tsohuwar da ba ta da mai ɗaukar ta, mai taɓin hankali, da ɗan cirani da guzuri ya ƙare masa kafin ya kai Kano ko Agadas. Idan damina ta yi ƙarfi sai a sami ƙari, wato magidantan da ruwa ya rushe musu ɗakunan laka. Tambayar ita ce, a wane layi na kasafin kuɗin kwamin ne aka rubuta waɗannan bayin Allah?

Bisa doka, amsar ba ta da wuya. A 2002 aka rarraba Nijar zuwa kwamin 265, aka zaɓi kansiloli na farko ranar 24 ga Yuli 2004. Gundumar Tasawa ta sami bakwai: Tasawa, Maijirgi, Korgom, Kona, Urafan, Bawdeta da Hawan Dawaki. Ta Mayahi ta sami takwas. Kundin ƙananan hukumomi na Satumba 2010 ya sa taimakon gajiyayyu cikin al'amuran da majalisar kwamin ke tattaunawa, kuma kowace kwamin tana da tsarin raya ƙasa na shekaru biyar. A takarda dai an gama komi.

Matsalar tana wurin kuɗi, kuma a nan ya kamata a dakata. Kwamin ta karkara tana rayuwa ne da harajin kai, da tikitin kasuwa, da kuɗin tasha da na cinikin dabbobi. Harajin kai ya daɗe a kan sefa 700, wato dala 140, kuma masu gari da masu unguwa ne ke karɓar sa bisa takardar gida, inda aka rubuta mai gida da waɗanda yake biya wa. To, wanda ba shi da gida ba shi da takardar gida. Ba ya cikin jerin masu biya, don haka ba ya cikin lissafin kowa. Ranar da ake zaman kasafi babu mai gari da zai miƙe ya ce mutanensa ne. Ga shi a shekarar da hatsi bai yi ba, wato shekarar da mutane suka fi barin gida, a ita ce haraji ya fi ƙin shiga. Abin da ya samu kuwa albashin ma'aikata, da man mota, da kuɗin zaman majalisa ke fara cinye shi. Ƙidayar 2012 ta nuna kowace daga cikin gundumomin biyu ta haura mutum rabin miliyan. Ɗan abin da ya rage ba ya kai ko'ina.

An kafa hukumar ANFICT a 2008 domin ta raba wa ƙananan hukumomi tallafin gwamnati, ta kuma rage tazara tsakanin mai hali da marar hali. Amma kuɗin da ke zuwa daga Yamai, da na ƙungiyoyin agaji, sun fi son abin da ake yanke wa ƙyalle: aji, rijiya, ɗakin shan magani. Ko da aka miƙa wa kwamin wasu ayyuka a 2016, ilimi ne da lafiya da ruwa da muhalli. Makwancin marar galihu bai sami mai tsaya masa ba.

Wa ke ɗaukar nauyin, ashe? Zauren mai unguwa, da harabar masallaci, da malamin allo, da matar da ke zuba ragowar tuwo a kwanon almajiri. Wannan tsari ya girmi kwamin, ya girmi zuwan Nasara ma, kuma bai cancanci reni ba. Sai dai an gina shi ne domin baƙo ɗaya ko biyu. Yunwar 2005 ta nuna iyakarsa. Daminar 2024, wadda ta shafi mutum sama da miliyan guda a ƙasar, jahar Maraɗi tana cikin waɗanda suka fi jin jiki, ta sake nuna ta: azuzuwan makarantu aka buɗe wa waɗanda gidajensu suka faɗi, har gwamnati ta ɗage komawa makaranta daga 2 zuwa 28 ga Oktoba. Ma'ana, yara ne suka biya kuɗin masaukin da karatunsu.

A lokacin ma babu zaɓaɓɓun kansiloli, domin a Afrilu 2024 hukumomin soja sun rushe majalisun, suka naɗa kantomomi. Amma kada a ɗora laifin duka a kan wannan. Magadan gari na farar hula sun yi shekaru wajen ashirin a kan kujera, kuma talakan tasha bai ga bambanci ba.

Abin da ake nema bai fi ƙarfin kwamin ba. Masu unguwa sun san kowane mai kwana a rumfa, za su iya ba da sunaye sau biyu a shekara, da rani da kuma kafin saukar ruwa. Kwamin ce ke yanka filaye tana sayarwa, saboda haka tana iya keɓe wuri ɗaya a kan tudu, kusa da famfo, inda za a kafa rumfuna idan gidaje suka zube. Sannan a buɗe layi na musamman cikin kasafi, ko da wani ɗan kaso ne daga tikitin kasuwa, a karanta shi a bainar jama'a ranar da ake bayyana lissafin shekara, a faɗi nawa aka ware, nawa aka kashe, da mutum nawa suka kwana a ciki.